Rabin Dutsen da Kawu Bai Sassaƙa Ba

Wanda ya ba mu aron Kawu ya karɓi abinsa ranar wata Talata da hantsi, a gadon asibiti, bayan doguwar jinyar huhu. Daga wurinsa muka fito, can kuma za mu tarar da waɗanda suka riga mu. Yau wata bakwai ke nan. Na daɗe ina ɗaga wannan rubutu, domin ban tabbata ni ya kamata in yi shi ba. Shekara huɗu kacal na zauna da shi, a ƙaramin ɗakin sama na gidansa da ke unguwar Barking a Landan, tun da na zo karatun digiri na biyu har bayan na gama. Akwai waɗanda suka fi ni saninsa. Amma na jira, na ga babu wanda ya motsa, sai na ji tsoron kada a wayi gari ba wanda zai iya faɗin ko wane ne shi.

An yi masa salla a Whitechapel bayan azahar. Masallaci ya cika, sai dai yawancin mutanen salla ce kawai ta riske su, ba su san wanda suke yi wa addu'a ba. Mu da muka raka shi maƙabarta ba mu cika mota uku ba.

A gida aka yi zaman makoki, a falon da ko mutum goma ba ya ɗauka sai an matsa. Wani likita ɗan garinmu ya shigo, ya yi gaisuwa, ya zauna, sannan ya ce, "Allah sarki. Ashe yana Landan har yanzu? Na ɗauka ya koma gida tun rasuwar maiɗakinsa." Wani ɗalibi da aka turo ya wakilci 'yan uwansa ya tambaya cikin ladabi ko wane aiki marigayi yake yi. Can wani ya ce, "Harkar gini."

Aminin Kawu, wanda muke kira Baban Catford saboda unguwar da yake zaune, yana zaune a kusurwa da carbi a hannu. Bai ko ɗago ba ya ce, "Ba gini ba ne. Duwatsun kabari yake sassaƙawa, yawanci na Turawa. Ku faɗa wa yaro gaskiya. Mutumin nan bai taɓa jin kunyar aikinsa ba. Ni ne na shekara arba'in ina ji masa."

Wata maƙwabciyarmu 'yar zangon Kumasi, wadda ta kawo shinkafa a babbar tukunya, ta tsaya a bakin ƙofa tana share ido da gefen mayafi. "Baba nan," in ji ta, "shi ya yi dutse na mijina. Taurin kai gare shi, amma ba shi yin ƙarya." Bayanta kuma wani tsohon Bature ne, abokin aikin Kawu, ya cire takalmi ya riƙe hularsa da hannu biyu, bai san inda zai zauna ba. Da ya ga kowa a ƙasa sai ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara.

Da yamma Ummata ta kira daga gida. Ita ce ƙanwar Kawu, su biyu suka rage a ɗakinsu. Bayan kuka da addu'a sai ta ce, "Ka tabbata ba za a sa masa dutse ba ko? Haka ya ce da ni."

Na ce, "Haka ya ce da ni ma, Umma."

A lokacin na ɗauka magana ta ƙare ke nan.

Kakanmu mai sassaƙar dutsen niƙa ne, a wani ƙauye da ke gindin dutse a ƙasar Zazzau. A wurinsa Kawu ya koyi riƙe guduma. Ya zo Landan yana saurayi don karatun awon ƙasa, karatun ya tsaya saboda dalilin da bai taɓa gaya mini ba, ni kuma ban tambaya ba. Ya sami aikin shara a wani wurin sassaƙar duwatsu. Yadda ya ba ni labari, wata rana mai wurin ya same shi yana ƙwanƙwasa wani sabon dutse da aka kawo, ya kara kunne. Ya tambaye shi me yake yi. Kawu ya ce dutsen nan yana da tsaga a ciki. Aka yi masa dariya. Da aka fara aiki dutsen ya dare biyu. Washegari aka karɓe tsintsiya aka miƙa masa cizal, ƙarfen sassaƙar dutse.

Daga nan bai sake wani aiki ba. Ya ƙware a rubutu, wato sassaƙa haruffa da hannu, har bayan da injin fesa yashi ya zo, kwamfuta ta koma yanka haruffa a roba a liƙa a dutse a fesa. Masu son aikin hannu suka ragu, amma ba su ƙare ba, kuma idan sun zo shi ake kira. Yana da iyakarsa: ba ya sassaƙa fuska, ba ya yin mala'ikun nan masu fukafukai. Waɗannan Baturen yake bar wa. "Ni suna nake yi," in ji shi. "Suna ba gunki ba ne."

Hannuwansa sun fi komai tsaya mini a rai. Babban yatsansa na hagu ya baje kamar cokali, fatar tafinsa kuwa har wayar hannu ba ta jin taɓawarsa, sai ya miƙo mini ya ce in danna masa. Kullum akwai farar ƙura a gashin girarsa, ko ya yi alwala sau nawa. A ƙuruciya ba ya son sa takunkumi, yana cewa yana hana shi jin ƙanshin dutse. Ina jin abin da ya taru a ƙirjinsa ke nan, ko da yake ni ba likita ba ne.

Shi ya sa mini suna Malam Wataƙila. Idan ya tambaye ni ko za a yi ruwa, in ce wataƙila. Ko na ci abinci, in ce kusan haka. Wata rana ya kai ni wurin aikin, ya ba ni guntun dutse da cizal ya ce in yi layi ɗaya miƙaƙƙe. Na tsaya ina gyara tsayuwa, ina auna hannu, ina tambaya ko a nan ko a can.

"Ka buga mana," in ji shi.

"Ina tsoron kada in ɓata."

"Za ka ɓata. Buga."

Na buga, cizal ya zame, dutsen ya ɓantare. Na ce afuwan.

"Gaya wa dutsen, ka ji ko zai amsa." Ya karɓi cizal ɗin. "Ku 'yan boko kuna da abin gogewa a gindin fensir, shi ya sa kuke wasa da magana. A nan in ka sare, ka sare. Don haka duk shakkarka ka gama ta a takarda."

Haka yake yi kuwa. Kafin ya taɓa dutse sai ya zana komai a babbar takarda daidai girman dutsen, ya ja layuka da fensir, ya manna a bango ya yi kwana biyu ko uku yana wucewa yana kallo. Ya ce haruffa kowa ma zai iya koya. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce aikin.

Labarin maƙwabciyarmu daga bakinta na ji. Mijinta ya rasu a nan, danginsa suka nace aka kai gawarsa Kumasi. 'Ya'yanta ƙanana suna ta tambayar ina babansu. Ta roƙi Kawu ya yi mata ƙaramin dutse ta ajiye a lambun bayan gida, a rubuta cewa a nan yake kwance, don yara su sami wurin tsayawa. Kawu ya ƙi. Ta yi kuka, ta yi fushi, ta daina gaishe shi. Bayan sati biyu ya turo dutse a baro har ƙofar gidanta. A jiki ya rubuta sunan mijin, ya rubuta cewa yana kwance a Kumasi, 'ya'yansa kuma suna tunawa da shi a nan. Ya ce da ita, "Yaran nan za su girma su iya karatu. Kada su zo su tarar dutse ya yi musu ƙarya." Dutsen yana nan har yanzu, kusa da inda take shuka tattasai.

Inna, matar Kawu, ta rasu shekara bakwai kafin in zo, saboda haka abin da zan faɗa game da dutsenta ji na yi, daga Kawu kaɗan, daga Baban Catford da yawa, kuma bakinsu bai zo ɗaya a komai ba. An binne ta a ɓangaren Musulmi na wata maƙabartar council, wato ta ƙaramar hukuma, inda aka yarda a kafa dutse. Kawu ya zaɓi wani dutse mai launin toka, ya yi wata uku yana aikinsa bayan an tashi daga aiki. Sunanta, da na mahaifinta, da addu'a layi ɗaya.

Turawa suna da wata al'ada. Idan miji ko mata ya riga mutuwa, akan haƙa kabari mai zurfi wanda zai ɗauki biyu, mai rubutu kuma ya tattara sunan na farko a rabin dutsen na sama, ya bar rabin ƙasa fili, har ranar da na biyun zai zo a ƙara sunansa. Kawu ya yi irin wannan ba adadi. Ya sha komawa maƙabarta bayan shekara ashirin ya cike filin da shi da kansa ya bari. Amma a ɓangarenmu kabari ɗaya mutum ɗaya ne, bi da bi ake binnewa, wanda ya zo shi ke da wuri na gaba. Kafin sati ya zagayo an riga an sa wani a gefen Inna.

Ranar da aka kafa dutsen, Baban Catford ya zo, da ma ransa ba ya so, domin a wurinsa kafa dutse a kabari ba namu ba ne. Ya tsaya ya duba. Rubutu duk a sama, rabin ƙasa fayau.

"Wannan filin fa?" in ji shi. "Masara za ka shuka?"

Kawu ya ce wai sai a lokacin ya gani. "Hannu ne ya yi," ya ce.

"Hannu. Ka ga abin da nake gaya maka? Ka yi wa Nasara aiki har hannunka ya zama nasu. Ka sa wa baiwar Allah dutse, ka kuma bar wa kanka wuri kamar gadon otal. A gidanku haka aka binne babanka?"

"Kada ka sako babana."

"Na sako shi. Guntun tukunya aka kifa masa, ya ishe shi."

Ba su sake magana ba tun daga watan Rajab har ranar ƙaramar salla, da suka haɗu a sahu ɗaya ba yadda za su yi. Baban Catford ya ce shi ya fara miƙa hannu. Kawu ya ce shi ne.

Maganar kabarin kakanmu kuwa tana da nata ciwon. Ummata ta gaya mini cewa zuwan Kawu gida na ƙarshe, ya tafi maƙabartar ƙauye shi kaɗai, ya yi wajen awa biyu yana zagaye cikin rana yana neman kabarin mahaifinsa. Tukwanen sun farfashe sun bi ƙasa, tudun ya baje, ciyawa ta rufe. Bai same shi ba. Da ya dawo ya sha ruwa ya ce, "Haka ya fi. Ƙasa ta gama aikinta." Amma ta ce ranar bai ci abinci ba.

Duk Lahadi ni da shi muke zuwa wurin Inna. Mu hau jirgin ƙasa na layin District, mu sauka mu hau bas, shi da ƙaramin buroshi da tsumma a aljihun kwat, ni da galan ɗin ruwa. Ya yi sallama, ya yi addu'a, sannan ya wanke dutsen, domin damshin ƙasar nan ba ya barin dutse sai ya sa masa gansakuka. Haruffan yana bin su ɗaya-ɗaya da buroshi, da sauri, kamar mai aiki. Idan ya zo rabin ƙasa sai ya ajiye buroshin ya sa tafin hannu. Babu abin wankewa a wurin, sumul yake, amma a nan ya fi daɗewa. Ni kuwa sai in juya in kalli bishiyoyi.

Sau ɗaya na yi ƙarfin hali a bas na ce, "Kawu, tun da kuskure ne, me ya hana ka sake wani?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Malam Wataƙila, yau ka yi tambaya ba kwana-kwana." Ya yi tari mai tsawo. "Dutse ne mai kyau. Ba a yar da dutse mai kyau."

A asibiti, kwana uku kafin rasuwarsa, ya kama hannuna ya ce, "Kada a kafa mini dutse. Na kafa wa mutane, ya isa." Na ce to. Tambayar tana bakina: filin nan na dutsen Inna fa? Na tsaya ina neman yadda zan faɗe ta ba tare da ta zama kamar ina gaggauta masa tafiya ba. Ina cikin nema ma'aikaciyar jinya ta shigo, na ce a raina gobe. Da gobe ta zo an sa masa abin numfashi a fuska, bai sake magana ba. A duk abin da na yi a zamana da shi, wannan shirun shi ne ba na iya yafe wa kaina.

An binne shi a maƙabartar da Inna take, amma a sabon fili can ƙarshe, kusa da shinge. Abin da ke kansa ɗan ƙarfe ne da aka soke a ƙasa, mai ɗauke da lamba.

'Yarsa guda ce, taubashiyata. A nan aka haife ta, tana aiki a arewacin Ingila, tana da yara biyu. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa, sai in rai ya ɓaci Hausar ke fitowa. Bayan sadakar arba'in ta ce in raka ta maƙabarta. Ta tsaya a kan ɗan ƙarfen nan ta daɗe.

"Lamba," ta ce. "Babana ya zama lamba."

"Wasiyyarsa ce."

"Na sani, Farfesa." Haka take kirana don tsokana. Muka taka zuwa wurin Inna, ta nuna rabin ƙasa da yatsa. Ta koma Turanci, ta ce ga wurinsa nan shi da kansa ya bari, a rubuta sunansa kawai, ba wanda ya kafa sabon dutse. Ta ce 'ya'yanta ba su san ƙauyenmu ba, ba za su taɓa saninsa ba. Idan suna bai zauna a wani wuri da za su iya karantawa ba, nan da shekara ashirin babu shi. Ta ce mutumin da ya rubuta sunan rabin gabashin Landan ba zai tafi ba suna ba.

Na ce ai ba a nan yake kwance ba.

"To ka yanke," in ji ta. "Kai ka ji daga bakinsa. Ni zan sa hannu a takardar neman izinin council, amma ba zan yi ba sai ka ce e. Kuma kada ka ce mini wataƙila."

Na je wurin Baban Catford. Ko gama bayani ban yi ba ya ce, "A rubuta sunan mutum a kabarin da ba ya ciki? Shi da ya hana Bagwanjar nan, maƙwabciyarku, barci a kan irin wannan? Ka bar shi ya huta." Ummata ta ce ita dai abin da ta ji ta ji. Taubashiyata ta daina ɗaukar wayata. Na yi wata biyu a gidan nan ni kaɗai, kwat ɗinsa a rataye bayan ƙofa, buroshin yana aljihu. In na ce e, na sa dutse ya yi ƙarya da sunansa, na kuma kewaye wasiyya. In na ce a'a, na shafe shi da hannuna, na raba 'yarsa da abin da take ganin ya bar mata. Kowanne na ɗauka da safe, kafin la'asar na ajiye.

Wata Asabar na tafi wurin aikinsa don in kwaso kayansa. Tsohon Baturen yana nan, ya haɗa mini shayi a kofin da ya ce na Kawu ne. Ya zagaya da ni cikin duwatsun da ke jingine, ya nuna mini bayan wani, can ƙasa, inda aka rubuta sunan kamfanin da ƙananan haruffa. Ya ce haka ake yi, sunan gidan ake sawa, ba na mai hannun ba. Ya ce a duk maƙabartun gabashin birnin nan zai iya nuna mini aikin Kawu daga nesa, amma babu dutse ko ɗaya da ke ɗauke da sunansa.

Na gaya masa abin da ke damuna. Ya shiga ciki, ya fito da wata doguwar takarda a naɗe. Zanen dutsen Inna ne. Muka shimfiɗa ta a kan tebur muka danne gefunan da cizal. A sama ga sunanta, kowane harafi a mazauninsa. A rabin ƙasa kuwa ga layuka uku da aka ja da fensir, a miƙe, a aune, ba komai a kansu.

Na tambaye shi ko sabo ne ya sa ya ja su.

Ya ce zai iya yiwuwa. Ya ce takardar nan ta yi sati uku a bango, Kawu yana wucewa ta gabanta safe da yamma. Ya ce shekara talatin da wani abu suna aiki kafaɗa da kafaɗa, bai taɓa ganin ya yi kuskuren awo ko na kaurin gashi ba. Ya ce shi dai bai tambaye shi ba.

Na zauna ina kallon layukan. Ba zan ce na gane abin da Kawu yake nufi ba, domin ban gane ba, kuma ba na son in sa masa magana a baki yanzu da ba zai iya musantawa ba. Abin da ya zo mini shi ne dutsen lambun maƙwabciyarmu. Bai ce mata e ba, bai kuma bar ta hannu wofi ba. Ya nemi abin da yake gaskiya ne ya rubuta. Na ɗauki fensir, na rubuta a wata 'yar takarda daban: Mijinta ne ya sassaƙa wannan dutse da hannunsa. Sai sunansa.

Na koma Catford da takardar. Baba ya sa tabarau ya karanta, ya sake karantawa.

"Ƙarya ce?" ya tambaye ni.

"A'a, Baba."

"An ce yana ciki?"

"Ba a ce ba."

"An kafa masa dutse?"

"Dutsen Inna ne."

"To me ka zo tambayata?" Ya miƙo mini takardar, sannan ya janye ta. "Wayon 'yan boko. Shi ma haka yake, ya yi abin da yake so ya ce hannu ne." Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. "A sa sunan babansa a gaba. Shi ya koya masa riƙe guduma, shi kuma ko guntun tukunyarsa ba a samu ba."

Ummata da na karanta mata ta waya, ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "Allah ya sa ba mu saɓa masa ba." Taubashiyata ta turo saƙo kalma ɗaya, ta kuma sa hannu a takardar council a satin.

Baturen ya ce ba zai bari inji ya taɓa dutsen ba. Ya zo maƙabarta da kansa, ya shimfiɗa buhu ya durƙusa, ya yi aikin a inda dutsen yake, da cizal ɗin Kawu. Yini biyu ya yi, yana bugawa yana hutawa. Ƙarar ba ta da ƙarfi, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta. Da ya gama ya hure ƙurar, ya ja da baya, ya ce haruffan sun yi, amma tazarar ba irin tasa ba ce, duk wanda ya san aikin zai gane. Rubutun layi ɗaya ya ci. Wurin layi biyu yana nan yadda Kawu ya bar shi.

Taubashiyata ta zo da yaran a hutun makaranta. Babbar ta durƙusa ta bi haruffan da yatsa, ta karanta sunan kakanta da na kakan uwarta da harshen 'yan Landan, duk ta karya su. Uwar ta gyara mata, da Hausa. Suka hau jirgi suka koma a ranar.

Yanzu ni kaɗai nake zuwa ranar Lahadi. An sa gidan Barking a kasuwa, ban san inda zan koma ba tukuna, amma na duba, duk inda na nema akwai bas da zai kawo ni. Har yau ban tabbata na yi daidai ba. Wani lokaci in ga kamar na cika masa abin da ya kasa roƙa. Wani lokaci in ga kamar na bi ta bayan maganarsa ne da dabara, ranar da za mu haɗu zai dube ni ta saman tabarau. In kuskure ne, nawa ne, ba na 'yarsa ba, ba na Baba ba, kuma ya shiga dutse.

Nakan wanke dutsen Inna da buroshinsa, in bi haruffan ɗaya-ɗaya, nata da nasa. Sauran filin nakan sa hannu in share, ban san lokacin da na fara ba. Daga nan in ɗauki galan in bi ta tsakanin kaburbura zuwa ƙarshen fili. Ciyawa ta fara rufe tudun, ɗan ƙarfen ya karkata, sai na lura sosai nake gane shi. In yi masa sallama, in gaya masa Baba yana gaishe shi ko da bai ce ba, in juye masa ragowar ruwan. Ƙasar takan shanye nan take.

Allah ya yafe wa Kawu abin da ya sani da abin da hannu ya yi. Ya sauƙaƙa masa nauyin ƙasa, ya buɗe masa ƙirjin da ƙura ta toshe. Ya haɗa shi da Inna a inda ba a binne mutane bi da bi, da mahaifinsa da ya nema bai samu ba. Mu kuma da muka rage, Allah ya sa a sami mai kawo mana ruwa.